Idon Inna

Ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Ummi, 'yar ƙanwata Hauwa, ba. Ko na yi niyyar mantawa ma dangi ba za su bar ni ba, don haka gara in ba da labarin da bakina, kafin ku ji shi a wurin waɗanda suke ƙara masa gishiri.

Tun ina ƙaramar sakandare nake sa tabarau. Ba irin na gayu ba, irin mai kaurin gindin kwalba, wanda yake barin shaida a karan hanci. Idan na cire shi, mutum da ƙyauren ɗaki duk ɗaya ne a wurina sai dai in wani ya yi magana. A haka na yi karatu, a haka aka kai ni ɗakin miji, a haka na haifi 'ya'yana, a haka nake koyarwa a wata firamare kusa da gidanmu a Fadaman Mada. Ban taɓa ɗaukarsa wata masifa ba. Abu ɗaya ne kawai yake ci mini rai, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai maigidana.

Mahaifiyarmu, Inna, ta rasu ina amarya. Hotonta ɗaya ne a duniya, na taron suna, tana can layin baya, kuma ruwan sama ya taɓa shiga akwatin ya cinye rabin fuskarta. Da shekaru suka ja, sai na lura kamanninta suna zame mini. Ina tuna muryarta, ina tuna ƙanshin man da take shafawa, amma fuskar sai ta ƙi tsayawa. Ita kuwa Yafendo, ƙanwar Inna da take aure a Misau, duk sanda ta zo Bauchi sai ta kira ni gefe ta ce, "Cire abin nan in ga yayata." In cire. Ta ƙura mini ido, can ta ce, "Sak. Idon nan nata ne." Sannan ta share hawaye da gefen mayafi.

To ni fa? Ni ban taɓa ganin abin da take gani ba. In na tsaya gaban madubi da tabarau, tabarau nake gani. In na cire, sai na manna hancina a jikin madubin kafin in ga wani abu, shi ma ido ɗaya da rabin gira. Na gwada ɗaukar hoto da waya ba sau ɗaya ba, sai in ga wata mata ta ƙanƙance ido kamar mai leƙen rijiya, in yi maza in goge. A shekarar da na kai shekarun da Inna ta rasu a kansu, arba'in da 'yan kai, sai abin ya dawo mini sabo. Ina cikin tuƙa tuwo sai ta faɗo mini a rai. So nake kawai in tsaya nesa da madubi kamar kowa, in ɗaga kai, in ga ko za ta leƙo.

Ana haka sai wata yarinyar malama a makarantarmu, Firdausi, wadda ita ma 'yar tabarau ce, ta dawo daga hutu fuskarta fayau. Muka yi mata caa a ofishin malamai. Ta ce aikin leza aka yi mata a Kano, da haske ake gyara idon, ba wuƙa ba ɗinki, kafin ka gama salati an gama. Ta nuna kalandar da ke can bangon ƙarshe ta karanto mana ƙananan rubutun ƙasa. Ni kuwa a ranar ban san abin da na koyar ba.

(A nan ya kamata mai hankali ya je ya ga likita tukuna, sannan ya buɗe baki. Ni sai na fara da bakin.) Kafin mako ya zagayo na faɗa wa malamai, na faɗa wa maƙwabta, na faɗa a zauren danginmu na waya, har da cewa a bikin Ummi za su ga sabuwar fuska. Na kira Yafendo na ɗaga murya, don kunnenta ya yi nauyi, na ce, "Yafendo, wannan karon ba sai kin ce in cire ba." Ta ce Allah ya nuna mana.

Maigidana, wanda muke kira Malam, shi ya kai ni Kano. A hanya, wajen Ningi, ya ce, "Hajiya, da kin bari an duba kafin ki yi shela." Na ce masa ya kalli titi.

A asibitin an yi ta wucewa da ni daga wannan na'ura zuwa waccan. A ɗora haɓa a nan, a kalli ɗigon haske a can, a hura mini iska a ido, a ɗiga magani mai yaji. Daga ƙarshe aka shigar da mu wurin likitan, wani dattijo mai furfura, kuma abin da na fara lura da shi shi ne tabarau ne a fuskarsa.

Ya yi mini bayani a natse, kamar mai lallashin yaro. Ya ce aikin kansa ba abin tsoro ba ne ga wanda idonsa ya dace, kuma shekaru kaɗai ba sa hana shi, akwai sa'o'ina da ya yi wa suka ji daɗi. Amma ido ake dubawa, ba sha'awar mai ido ba. Ya ce akwai wata siririyar fata garai-garai a gaban ƙwayar ido, ita hasken yake sassaƙewa, ni kuma tawa ba ta da kauri, ga shi gyaran da idona yake buƙata mai yawa ne. Ya ce idona yana bushewa, aikin kuma yana ƙara bushewar. Ya tambaye ni sugana, na ce yana hawa yana sauka, ya gyaɗa kai kamar dama ya sani. Sannan ya ce ya hango yanar ido ta fara taruwa a idon hagu, kaɗan dai, amma in ta nuna wata rana wani aikin daban za a yi, wanda shi ne ma zai iya rage mini kaurin gilashin.

Na ce, "Likita, to yarinyar makarantarmu fa?"

Ya ce, "Shekarunta nawa?" Na faɗa masa. Ya yi murmushi. "Hajiya, idonta daban, naki daban. Kuma a shekarunki, ko da komai ya dace na gyara miki hangen nesa, Alƙur'ani da waya sai kin nemi wani tabarau kafin ki karanta. Ita ma tana nan zuwa, lokaci ne bai yi ba." Ya taɓa nasa tabarau da yatsa. "Kin ga ni nake yi wa mutane, amma ga ni da nawa. Ba zan yi miki abin da zai sa ki dawo kina kuka ba."

Kukan kuwa tun a mota na fara shi. Malam ya tsaya ya saya mini baƙin tabarau na rana a bakin titi, don maganin da aka ɗiga mini ya buɗe ƙwayar idon, haske yana sukata kamar allura. Na ɗora shi a kan nawa, na jingina da kujera.

Wannan baƙin tabarau shi ya jefa ni. Muna tsayawa a ƙofar gida, Maman Chidi, maƙwabciyarmu mai shagon kayan masarufi, ta hango ni na fito a hankali Malam yana riƙe da hannuna, ido a rufe da baƙin gilashi, hawaye yana gangarowa. Ta bar shago a buɗe ta rugo, tana yi mini sannu da gurguwar Hausarta.

"Hajiya! Ya yi aikin? Kai, sannu! Allah ya ba ka lafiya! Kar ka kalli rana fa!"

Wallahi na buɗe baki zan ce ba a yi ba. Abin da ya fito shi ne, "Yawwa, na gode." Kalma uku. Kafin magariba unguwa ta ɗauka. Maman Chidi ta aiko da farfesun kifi, matar liman ta aiko da kunun gyaɗa, malaman makarantarmu suka zo dubiya a ƙungiyance suka zazzauna a falo suna yi mini addu'a. Ni kuma ina kishingiɗe da baƙin gilashi ina amsa "amin" da muryar marasa lafiya. (Farfesun ya yi daɗi, wannan ba zan ɓoye ba. Da shi na haɗiye sauran gaskiyar.)

Da suka watse Malam ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yanzu sai yaushe za ki warke daga aikin da ba a yi ba?"

Na ce, "Bayan biki zan faɗa musu. Yini ɗaya ne kawai, Malam. Gidanmu ne, a ciki aka haife ni, ko ido rufe na san ko'ina."

Ya ce, "To ai ido rufen za ki je."

Ranar yini na ci ado. Na sa ankon biki, na ɗaura ɗankwali, na ɗauko kwalli na zizara, abin da na daɗe ban yi ba don ba mai ganinsa ta bayan gilashi. Da tabarau na hau a-daidaita-sahu, na bari sai da muka shiga lungun gidanmu a Ƙofar Ran sannan na zare shi na tura can ƙasan jaka. Duniya ta narke nan take. Na bi bango da hannu na shige zaure.

Abin da ban lissafa ba shi ne anko. Tsakar gida cike da mata, kowacce cikin leshi ruwan goro iri ɗaya, sai na ga kamar an zuba miya a faranti tana motsi. Aka yi mini guɗa. "Ga Yaya! Kai, kun ga idon kuwa? Ashe haka kike da kyau!" Na yi ta murmushi ina juya kai duk inda murya ta fito, ina gane mutane da sautinsu. Wadda ta yi shiru kuwa sai in ce mata, "A'a, ke ce? Ya yara?" in wuce da sauri kafin ta ce ba ta da aure. Wata ta miƙo mini waya in ga hoton ango, na ce likita ya hana ni matsa wa idon. Har na fara jin daɗin kaina. Na ce a raina, ashe abin ba wuya.

Sai Hauwa, uwar amarya, ta dafa ni tana sauri ta ce, "Yaya, Yafendo ta iso tun ɗazu, tana ta tambayarki. Tana can rumfar ɗakin Inna."

Ɗakin Inna yana ƙarshen gidan, da 'yar rumfa a gabansa inda take zama tana tsince shinkafa. Na ratsa mutane na nufi can. A inuwar rumfar na hango mata zazzaune a tabarma, a tsakiyarsu kuma, a kan kujera, wata a zaune ta lulluɓa da koren mayafi. Mayafin na sani, ko a mafarki na san shi, Yafendo ba ta zuwa taro sai da shi. Gajeriya, mai jiki, ta yi zaman manya ba ta ko motsi. Wa kuma za a ɗora a kujera ana zaune a ƙasa in ba ita ba?

Na cire takalmi, na durƙusa a gabanta, na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana.

"Yafendo, sannu da zuwa. Kun zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Misau?"

Shiru. Ban damu ba, na san kunnen. Na ƙara murya yadda duk rumfar za ta ji.

"Na ce ya gajiyar hanya! Ya ƙafar taki, da sauƙi?"

Na ji hirar matan da ke tabarma ta tsaya cak. Na ɗauka girmamawa ce, sun ba mu wuri. Wani ƙanshin masa ya bugi hancina, na ce a raina, tsohuwa har an kawo mata abinci. Sai kawai abin da na daɗe ina riƙewa ya taso mini. Na ɗago fuska, na buɗe idona iya buɗewa, na ce:

"Yafendo, dube ni da kyau. Yau ba gilashi. Wa kika gani?"

Na kai hannu na dafa gwiwarta. Na ji ta da zafi, ga tauri.

"Subhanallahi! Yafendo, zazzaɓi kike yi?"

Daga can gefen hagu, a ƙasa, cikin matan da ke tabarma, wata murya da na sani tun ina goye ta ce, "Ni dai ga ni nan, 'yar nan, lafiyata ƙalau. Waccan masa ce."

Jama'a, masa ce. Babbar roba cike da masa mai zafi, an ɗora kwanon miya a kanta, an aza su a kujera saboda yara, Yafendo kuma ta ba da mayafinta aka rufe saboda ƙuda. Ita na durƙusa wa. Ita na tambaya mutanen Misau.

Dariyar ba ta fashe nan da nan ba, sai da aka ɗan yi shiru irin na tausayi, wanda ya fi dariyar ciwo. Sannan wata ta kasa riƙewa ta tuntsire, shi ke nan rumfa ta kama, tsakar gida ta kama, masu wanke-wanke suka taso da kumfa a hannu suna tambayar me ya faru. Hauwa ta iso tana haki, aka ba ta labari, ta zauna daɓas a ƙasa tana riƙe ciki. Da ta samu numfashi ta ce, "Yaya, wane irin aiki suka yi miki haka? Wallahi sai mun koma Kano, sun lalata miki ido!"

Nan na ga abin zai koma kan bawan Allah likitan da bai yi mini komai ba sai alheri. Ina durƙushe a gaban masa, na laluba jaka, na zaro tabarau na maƙala. Duniya ta dawo tar, kuma abin da na fara gani shi ne fuskokin dangina kaf, da na dangin ango da ban taɓa gani ba, duk suna kallona.

Na ce, "Ba a yi aikin ba. Likita ya ce idona bai dace ba."

Wata daga baya ta ce, "To farfesun da muka ji an kai fa?" Aka sake kwashewa.

Yafendo ce kaɗai ba ta yi dariya sosai ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta ce, "Taso, zo mu shiga ciki." Muka shiga ɗakin Inna, wanda yanzu kayan amarya ne jibge a ciki, muka zauna a bakin gado. Kwallin da na sha ya bi hawaye ya yi mini layi biyu a kumatu. Na faɗa mata komai, har da madubin, har da yadda fuskar Inna take ɓace mini. Ban taɓa tsammanin zan faɗi wannan da ƙarfi ba, amma da mai nauyin kunne ba a yin raɗa.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ke kin ɗauka launin ido nake nufi, ko girmansa? Ai wannan ƙanƙancewar da kike yi in kin cire, ita ce tata. Yayata ba ta gani, 'yar nan. Tun muna yara a rugarmu ba ta hango saniya sai ta zo gabanta. Wa zai kai ta a auna ta a lokacin? Haka ta rayu, kuma ba ta son a sani. In za mu je unguwa ni nake raɗa mata sunayen mutane."

Na ce, "Inna? Ai Inna tana gani."

Ta ce, "Ba ki tuna in kun dawo daga makaranta sai ta ce ku zo nan kusa, ta kama fuskarku da hannu biyu ta jawo har hancinku ya kusa taɓa nata?"

Na tuna. Wallahi na tuna, har ɗumin tafin hannunta na ji a kumatuna. Duk tsawon rayuwata na ɗauka tsabar so ne ya sa take yi mana haka.

"So ne mana," in ji Yafendo, kamar ta ji abin da ke raina. "Amma kuma a nan ne kaɗai take iya ganinku. Da ta samu irin wannan abin da kike ɓoyewa a jaka, da ko barci ba za ta cire ba. Ta tsaya a bakin zaure ta hango ku tun daga kan kwana kuna tahowa, wannan kaɗai ta taɓa ce mini tana so."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da ita. Yafendo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce in tashi in wanke fuska, mutane suna jira, kuma in aiko mata da masar nan tunda mun riga mun gaisa.

Washegari na bi gida-gida a unguwarmu na faɗi gaskiya, na je ofishin malamai na maimaita. An yi dariya, an yafe, sai dai sunan da aka laƙa mini a dangi, Yaya Mai Masa, ya zauna daram, jikoki ma sun taso sun same shi. Ina zuwa a duba mini idon lokaci-lokaci kamar yadda likita ya ce, ina ɗiga maganin bushewa, ina lallaɓa sugana. Da la'asar kuma na koyi wata sabuwar ɗabi'a, in goge tabarau tas in tsaya a bakin ƙofa in hango autana tun daga kan kwana yana tahowa daga Islamiyya, yana shurin gwangwani, bai san ana kallonsa ba.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. In likita ya ce a'a, ka dawo gida ka ce ya ce a'a tun a bakin ƙofa, kafin maƙwabta su ɗora tukunya. Sannan duk girman mutum, duk kyan mayafinsa, ni yanzu ba na durƙusa masa sai na ga ya motsa.